Ɗakin Yaya Kalilu

Talata, bayan Azahar

Don Allah in tambaye ka, kai da ka fi ni karatu: mutum ya biya bashi kan lokaci, laifi ya yi? Tun safe nike juya abin cikin kaina, na rasa inda za ni aje shi.

Sunana Zayyanu. Mu mutanen Gangara ne. Farkon damina munka taso ni da Inna munka dawo Sabon Birni, don garinmu ya daina kwanuwa. Aji huɗu na tsaya a firamare, in ka ga rubutu ya karkace ka yi haƙuri. Ba ni da wanda za ni faɗa ma magana nan garin, shi ya sa nike rubutawa.

Gidan da muke ciki na Yaya Kalilu ne, ɗaki biyu da ɗan madafi, bayan tasha. Bashi ya karɓa ga wani ƙaramin banki ya gina, ya ba su takardar filin jingina. Kowane ƙarshen wata akan kai masu wani abu. In an tsallake, su zo su shafa jan fenti ga bango. In an ƙara tsallakewa, su sa kwaɗo. Na ga gidan da anka yi ma haka layinmu, awaki ke kwana ƙofar.

Gonarmu na can Gangara. Yaya ya tafi noma na biyu, bai dawo ba tukuna. To biyan ya dawo kaina.

Yau rediyo ya ce gwamnati za ta ɗauke ma mutanen yankinmu bashin gidaje, waɗanda abin nan ya taɓa. Inna ta ɗaga hannu sama. Ni na fita da gudu in faɗa ma Attahiru mai walda, maƙwabcinmu, don shi ma bankin ke binshi. Sai ya aje ƙarfe ya yi ta dariya.

Ya ce, "Ɗan ƙauye, ka ji rediyon da kyau? Waɗanda sunka kasa biya anka ce. Kai ka kasa?"

Na ce ban tsallake ko wata guda ba.

Ya ce, "To sannu, attajiri. Ni tun kafin azumi ban leƙa su ba."

Laraba, da hantsi

Inna ta share ɗakin Yaya ta kaɗe tabarmar sallarshi. Kullum sai ta kaɗe.

Alhamis, bayan La'asar

An yi gardama ƙofar masallaci, ni ina gefe ban sa baki ba.

Hafizullahi mai shago ya ce shi abin nan zalunci ne. Ya ce shekara nawa yana gidan haya da 'ya'ya biyar ɗaki guda, ya ƙi cin bashi don ya san ƙarfinshi. "Yanzu wanda ya ci ya yi ginin siminti, za a ɗebi kuɗin kowa a biya mashi? Ni wa za ya biya mani haya? In haka ne gobe ni ma za ni banki."

Attahiru ya ce, "Kai rufe mamu baki, mai sai da ashana. Da anka tare hanya wa ke kawo mani aikin ƙofa? Ƙauyukan da ke ba ni aiki duk sun watse. Ni na watse su? Wanda ya kasa tsare hanya shi za ya biya."

Malam Zaidu liman ya ce su yi hankali da bakinsu. Ya ce bashi amana ne, wanda ya ɗauka shi ke saukewa, kuma mutum ba ya so ya kwanta kabari da shi a wuya. Da ya ce kabari sai ya dube ni, sai ya kau da kai, ya ce ko mai rai ma nauyi ne.

Duk wanda ya yi magana sai in ji awa shi ke da gaskiya. Abin da ke damuna ke nan. Na dawo gida kaina na ciwo.

Juma'a, da safe

Bari in rubuta zancen shanu, don jiya na yi mafarkinsu.

Shanun huɗa biyu gare mu, ja da fari. Jan ya tafi cikin kuɗin da anka haɗa anka kai inda anka ce a kai. An karɓa. An ce mu jira. Muna jira.

Farin ni na ja shi kasuwa da hannuna. Dillali ya ga idona ya san a matse nike, ya taya shi awa tunkiya. Da za su sa shi mota ya ƙi hawa, sai da na yi mashi fito irin wanda Yaya ke yi mashi, sannan ya hau. Na yi da na sanin fiton nan.

Kuɗinshi nike ta gutsura ina kai ma banki wata wata. Na ce in Yaya ya dawo, shi tarar da bangonshi babu ja. Na watan jiya shi ne na ƙarshe. Babu sauran sa.

Asabar, bayan Magariba

Baba Shamsu ya zo daga Kamarawa. Shi ne mahaifin Zulaihatu, matar Yaya. Ciki gare ta, ya fara nauyi.

Ya gaisa da Inna daga bakin zaure. Ya ce shi ba rigima ta kawo shi ba, amma in gidan nan babu hali, gara yarinya ta koma gabanshi har a ga abin da Allah za ya yi. Inna ta ce akwai hali. Ya ce to, za ya kwana biyu wurin ɗan'uwanshi cikin gari ya gani.

Da ya tafi Inna ta kira ni madafi ta rage murya. Ta ce, "Zayyanu, in wagga yarinya ta fita gidan ga da kayanta, mun yarda ke nan. Ka ji ni? Ni ban yarda ba."

Ban tambaye ta mun yarda da mi ba.

Kafin ya tafi mun yi ma Baba Shamsu tuwo da dawar da ta rage. Mu munka sha kunu.

Lahadi, da rana

Attahiru na koya mani abin da za ni ce in kwamitin gwamnati sun zo. Ya ce in sa rigar gona, kar in wanke fuska, in an tambaye ni in yi shiru in kalli ƙasa tukuna. Ya gwada mani yadda ake yi har na yi dariya. Rabona da dariya na manta.

Na ce ni ba ƙarya za ni yi ba.

Ya ce, "Wa ya ce ka yi ƙarya? Kai gaskiyarka ma ta isa ta sa soja kuka. Faɗinta kawai za ka yi."

Talata, bayan La'asar

Sun zo.

Filin makarantar firamare anka kafa rumfa. Mutum uku kan tebur, da wata mata mai tabarau ita ke tambaya. Na zaci ɗaki za a shiga da mutum shi kaɗai. Ashe a fili ne, jama'a ta kewaye, kowa na jin na kowa. Har lasifika sunka sa don a ji suna.

Attahiru ya riga ni. Ya faɗi nashi tiryan tiryan, har da kuɗin maganin matarshi, bai ji komai ba.

Anka kira sunan Yaya. Na tashi. Ina tsayawa sai na ga Baba Shamsu kan bencin dattawa, kusa da ni ƙwarai, ya dafa sandarshi yana kallona. Malam Zaidu na gefenshi.

Matar ta ce, "Kai ne mai gidan?"

Na ce ƙanenshi ne.

"Shi yana ina?"

Na ce ya yi tafiya.

Haka muke cewa gida. Haka Inna ke ce ma kowa. Bakina bai san wata kalma ba.

"Kun taɓa tsallake biya?"

Na ce a'a.

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Ya halin gida? Akwai abinci? Kuna cikin matsi?"

Wallahi maganar na nan ga maƙogwarona, duk abin da Attahiru ya koya mani. Amma ta yaya za ni ce gaban surukin gidanmu, cikin lasifika, wai 'yarshi kunu take kwana da shi? A garinmu ko gawa ke ɗaki, suruki ya ce ya gida, lafiya lau kake cewa.

Na ce Alhamdulillahi, ba mu rasa komai ba.

Ta ce, "Ka tabbata?"

Na ce Alhamdulillahi.

Ta rubuta. Anka kira na gaba. Ko minti biyar ban yi ba.

Attahiru ya tare ni bakin ƙofar makaranta ya kama kanshi da hannu biyu. Ya ce, "Kai wace irin halitta ce? Gaisuwar suna ka zo?"

Laraba

Ban fita ba.

Alhamis, da hantsi

Inna ba ta yi mani faɗa ba. Ta ce dai na kyauta ma Baba Shamsu, ya koma Kamarawa bai ɗauki kowa ba. Ta faɗi haka tana kallon tukunya.

Asabar, bayan Azahar

An karanta sunaye. Attahiru na ciki. Mai gidan nan da awaki ke kwana ƙofarshi na ciki, har an cire mashi kwaɗo. Akwai wani mai motoci biyu shi ma yana ciki, mutane na ta gunaguni.

Na tsaya har sunka naɗe wayar lasifika, ko an bar wani suna a baya.

Hafizullahi ya ce mani, "Ka gani ko? Ni da kai mu ne wawayen garin ga." Ya ba ni sukari ƙulli guda kyauta. Ban san ko ta'aziyya ce ba.

Litinin, bayan La'asar

Na je Isa, don an ce kwamitin can sunka koma. Kuɗin mota Inna ta kwance daga bakin zanenta.

Cikin mota ana ta hira har munka kai wurin nan da hanya ta lalace, itatuwa sunka rufe. Sai kowa ya yi tsit. Direba ya kashe rediyo. Wata tsohuwa ta riƙe mani hannu, ba ta san ni ba. Da munka wuce sai ta saki, anka ci gaba da zancen tsadar taki.

Ban samu mai tabarau ba. Wani saurayi na samu yana haɗa kujeru, ya ce shi ma'aikacinsu ne. Na faɗa mashi komai. A nan babu suruki, maganar ta fito da kanta, har zancen shanu, har zancen Yaya yadda yake. Karo na farko da na faɗe shi da bakina. Sai da na zauna ƙasa.

Ya ji tausayina, na gani. Ya ce amma abin da anka rubuta an tura shi Sakkwato. Ya ce ƙa'idar ta waɗanda sunka kasa ce, ni kuwa takardar banki ta nuna ban kasa ba. Ya ce wataƙila a yi zagaye na biyu.

Na ce yaushe?

Ya ce Allah masani. Sai ya duba hagu da dama ya ce, "Ni ban faɗa maka ba. In kana son shiga na biyu, daina biya. Bari su ga ja."

Talata, da safe

Na je banki in ji. Mutumin da ke karɓar kuɗi ya san ni, yana kirana na kirki. Na ce in an tsallake wanga wata fa?

Ya ce fenti. Na ce in an ƙara? Ya ce ka sani. Ya ce tun da gwamnati ta biya na wasu, manyansu sun ce a matsa ma sauran, don kar kowa ya kwanta yana jiran rabo. Ya ce, "Kai dai kar ka ɓata sunanka, ba mu da irinka da yawa."

In na biya, gwamnati ta ce ina da hali. In ban biya ba, banki ya sa kwaɗo kafin gwamnati ta waiwayo. Kuma ma da mi za ni biya?

Na yi ta tafiya cikin gari ban san inda za ni ba. Garin nan har yau ɓata mani yake.

Laraba, bayan Asuba

Malam Zaidu ya tsai da ni da anka sallame. Ya jira kowa ya fita.

Ya ce, "Yaro, ni na ce a biya bashi. Ban ce a ɓoye yunwa ba."

Na ce Malam, kuna zaune wurin.

Ya ce, "Ina zaune." Ya ce za ya yi magana da wani da ya san wani. Ya yi mani addu'a mai tsawo.

Alhamis, da rana

Attahiru ya aiko matarshi da kwanon shinkafa. Inna ta so ta mayar, Zulaihatu ta karɓa ta yi godiya.

Na same shi shago. Ya ce kar in dube shi haka, shi ba wayo ya yi ba, babu ce ta hana shi biya, sai ga shi babun ta yi mashi rana. Ya ce da yana da sa shi ma da ya sayar. Ban sani ba ko gaskiya ne. Ina jin haushinshi, kuma shinkafarshi muka ci.

Juma'a, bayan La'asar

Zulaihatu ba ta cika yi mani magana ba sai gaisuwa. Yau tana tankaɗe ta kira ni.

Ta ce, "Ƙanen miji, don Baba ka ƙi faɗi ran nan ko?"



Ta ce, "Ai ya sani. Tun ranar da ya ci tuwo ya sani. Ya ga kwanoninku da anka fito da su wanki, babu miya jikinsu. Da za ya tafi har kuka ya yi, ya ce yaron nan ya rufa mamu asiri ya tona nashi."

Na ce to mi ya sa bai yi magana wurin ba?

Ta ce, "Shi ma kunyarka ya ji. Ya za ya ƙaryata ka gaban jama'a?"

Ashe mu duka mun sani. Ni na sani, shi ya sani, Malam ya sani, rabin filin sun sani. Mai tabarau kaɗai ce ba ta sani ba, ita ce kuwa mai biro.

Zulaihatu ta ce ta gaya ma Baba, muddin ɗakin nan na buɗe, nan za ta haihu, nan za a tarar da ita. In an sa kwaɗo, to ba ita ta fita ba.

Asabar

Wata ya kusa mutuwa. Malam bai ce komai ba tukuna.

Lahadi, bayan Azahar

Wani mutumin garinmu ya zo. Ya ce geronmu ya nuna, tsuntsaye na ci. Ya ce gonar Yaya ta yi kyau bana abin mamaki, ko da ba a ƙarasa noman ba. Ya ce wasu na shiga da sassafe su yanka abin da sunka samu su fito kafin rana ta take. Wasu na fitowa lafiya.

Na ce wasu?

Ya ce wasu.

Na lissafa. In na samu dami kaɗan, na wanga wata ya fita. Na wata mai zuwa kuma ban sani ba. Wataƙila kafin nan an yi zagaye na biyu, in ce masu na biya, su ce ina da hali.

Litinin, da La'asar

Na wasa wuƙar yankan gero bayan gida don kar Inna ta ji. Attahiru ya leƙo ta katanga ya gani. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kar ka je." Na ce to ka ba ni wata dabara. Sai ya karɓi wuƙar ya kai ta ga injinshi ya gyara mata baki.

Na zagaya na dubi bangon. Fari tas, yadda Yaya ya bar shi.

Talata, bayan Asuba

Inna ta riga ni tashi. Ta ce ina za ni. Na ce kasuwa.

Ta dubi buhun da ke hannuna, ta dubi igiya. Ta shiga ɗakin Yaya ta fito da gorar ruwanshi ta gona, wadda anka tsinto bakin kunyar gero anka kawo mamu ran nan. Ta cika ta, ta rataya mani. Ta ce kasuwar akwai rana.

Zulaihatu ba ta fito ba, amma na ji motsinta bayan labule.

Na ce Inna, in mutumin banki ya zo kafin in dawo, ki ce shi jira.

Ta ce, "Za ni ce mashi ka yi tafiya."

Sai ta ji abin da ta faɗa. Ta rufe baki da gefen mayafi.

Mai babur ɗin da za ya kai ni na ƙofa yana ta danna oda. Dole in tafi yanzu.